Ɗana ya ce sai sojan sama: wa ya san yadda ake kaiwa ga kanal?

Mai hatsi na Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Ni mai karantawa ne in wuce, ban cika sa baki a nan ba, amma yau tura ta kai bango. Ina neman wanda ya san aikin sojan sama daga ciki, ba wanda ya ji labari a teburin mai shayi ba.

Sana'ata hatsi ce, gero da dawa da wake. Sama da shekara 20 ke nan ina auna tiya a kasuwar Maraɗi. Ɗana na biyu ya samu bak bana, wato jarrabawar gama sakandare, seri D ta fannin kimiyya, a Lise Dan Baskore. Lissafin da na yi a kansa mai sauƙi ne: ya shiga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya karanta aikin gona, da marece ya zo ya riƙe mini littafin bashi, tunda wansa ya tafi Kano ya bar ni da shago. Ashe ina nawa, Allah na nashi.

Wata biyu da suka wuce aka ɗaura auren ɗiyar abokina a Bagalam. Cikin dangin uwar amarya akwai wani dattijo da ya zo daga Yamai, aka ce kanal ne na sojan sama. Ko kaki bai sa ba, farar shadda ce jikinsa da hula, amma da ya shigo rumfa har masu unguwa sai da suka miƙe. Lokacin azahar aka ce ɗana ya kai mishi buta. To butar nan ita ta jawo mini. Yaro ya tsuguna yana zuba mishi ruwa, ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi yadda ake zama matuƙin jirgi. Ban san me dattijon ya faɗa mishi ba, maganar ba ta fi minti biyar ba, amma tun ranar gidana ba a maganar komai sai jirgi. Jirgi ba kullum yake sauka Maraɗi ba, amma ko ƙararsa aka ji daga nesa sai ka ga yaro ya ajiye kwanon tuwo ya fita tsakar gida.

Uwarsa kuka take. Ta ce a wannan zamani da ake jin abin da ke faruwa Tilaberi da Difa, ga na kusa da mu ta wajen Madarumfa da Gidan Runji, ita ba ta haifi ɗan da za ta ba soja ba. Ni kuma ina tsakiya. Ban son in kashe mishi zuciya, ban son kuma in sayar da buhun wakena in bi abin da ba mu da hanyarsa.

Tambayata ita ce: ta ina ake shiga? Shekara nawa mutum ke yi kafin ya zama irin wancan dattijo? Kuma gaskiya tsakani da Allah, ɗan mai auna tiya yana kaiwa can, ko sai wanda ke da kawu a sama?

Wanda bai ga lamba ba:

Baba, kafin ka kashe ko dala a kan dosiye, wato takardun neman shiga, kai shi wurin likitan ido. Ka ce a nuna mishi littafin nan mai ɗigo-ɗigo kala-kala da ake ɓoye lamba a ciki. Ni na ci rubutu, na ci gudu, na zo wajen binciken lafiya aka buɗe mini shafi aka ce karanta. Na ce babu komai a nan. Wanda ke bayana ya yi dariya, shi yana ganin lambar ƙuru-ƙuru. Ranar na san ban rarrabe ja da kore kamar sauran mutane, shekara 19 ina yawo ban sani ba. Fitilun jirgi da na filin sauka kuwa ja ne da kore da fari. Da kuɗin mota zuwa Yamai da dawowa da na takardu, duk suka tafi a kan shafi ɗaya. Yanzu waya nake gyarawa, alhamdu lillahi, amma da wani ya gaya mini haka tun farko da ban sha kunyar komowa gida ba.

Tsohon bakanike, Ali Dan Sofo:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni ban taɓa tuƙa jirgi ba, gyara shi na yi har na bar aiki ina ajidan-shef, muƙamin sama-sama cikin ƙananan hafsoshi. Amma ka san mai wanke doki ya fi 'yan kallo sanin mahayinsa. Zan ba ka labarin mutum guda da na yi aiki ƙarƙashinsa tun yana da galo ɗaya a kafaɗa, wato alamar muƙami, har ya kai kanal-manjo. Ba zan faɗi sunansa ba, yana raye, kuma ba mai son a yi maganarsa ba ne. In ce maigidana.

Lokacin da na shiga, rundunar ƙarama ce ƙwarai. An kafa ta tun 1961 da sunan Escadrille, a 1989 aka maida ta Groupement aérien national, mu muna cewa GAN, sai 2003 ta zama rundunar sojan sama mai cin gashin kanta. Kowa ya san kowa, har sunan 'ya'yan juna mun sani. Nijar ba ta horar da matuƙa daga farko har ƙarshe a gida a wancan lokaci, waje ake tura su: wasu Faransa, makarantar Salon-de-Provence, wasu Maroko, birnin Marakesh, wasu Aljeriya. Maigidana daga Maroko ya dawo. Siriri, wandon kakin ya yi mishi yawa, in ya wuce sai mu tsofaffin hannu mu ƙyafta ma juna ido. Ubansa manomi ne, wannan na tabbata, don na taɓa kai mishi saƙo ƙauyensu na iske tsohon yana sussukar gero.

Abin da yaronka ya kamata ya fara sani shi ne, wanda ya dawo da takardar tuƙi ba a miƙa mishi jirgi. Kujerar dama ake ba shi, ta mataimaki, mai jirgin yana hagu. Nan zai zauna shekaru yana karanta jerin abubuwan dubawa da ƙarfi, yana magana da hasumiya, yana cika takardu, ana yi mishi tsawa. Kowace tafiya ana rubuta awowinta a ɗan littafinsa, kuma littafin nan shi ne dukiyarsa, ya fi galon kafaɗarsa daraja wajen 'yan'uwansa matuƙa. Kuma ba yaƙi ne yawancin aikin ba, ɗauke-ɗauke ne. A kan Dornier, jirgin Jamus mai farfela biyu, ya fara. Shinkafa, magani, albashin sojoji, mara lafiya, wani lokaci gawa. Agadas, Dirku, Bilma, a dawo.

Bari in ba ka abu guda da na gani da idona a Dirku, yana liyetna mai galo biyu, sabon komawa kujerar hagu. Can sai da sassafe ake tashi, don in rana ta take iska takan yi sako-sako, fiffike bai samun abin da zai dafa, inji ma ƙarfinsa raguwa yake. Nauyin da jirgi zai ɗauka da asuba ba zai ɗauke shi da azahar ba. Ranar mun makara, wani babba da muka kai ziyara ya tsaya gaishe-gaishe har rana ta ɗaga. Da ya iso sai ga mota biye da shi, buhunan dabino da kantun gishirin Bilma, tsaraba. Yaransa suka fara lodi ba su tambayi kowa ba. Maigidana ya zauna kan tayar jirgi, ya ɗora takarda a gwiwa, ya lissafa mai, ya lissafa mutane, ya duba zafin rana da tsawon fili. Ya tashi ya sara ma babban nan, ya ce buhu shida za su sauka. Babban ya ce ka san da wa kake magana? Ya ce ranka ya daɗe na sani, amma jirgin bai sani ba, shi kilo kawai yake ji. Aka yi shiru. Gumi na bin wuyansa, ina ganin takardar na rawa a hannunsa, amma bai janye ba. Ni na sauke buhunan da kaina. Ko da haka sai da muka cinye filin kusan duka kafin taya ta bar ƙasa. Babban bai ce uffan ba har Agadas. Bayan nan galonsa na uku ya yi jinkirin zuwa, ban ce saboda dabino ba ne, ban kuma ce ba saboda shi ba ne.

Da ya zama kaftin aka zaɓe shi zuwa kan Hercules, C-130, babban nan mai inji huɗu da ke sauka ko a kan tsakuwa. Nijar ta samu guda biyu a 1979. Horonsa a Amurka ake yi, sai ga mutum mai mata da 'ya'ya ya koma ɗan aji ɗaya yana koyon Turancin Ingilishi, don da shi ake magana a sama duk duniya. Kafin ya tafi na sha ganinsa cikin hangar, rumfar gyaran jirage, da ɗan kaset yana maimaita kalmomi shi kaɗai kamar mai tilawa. Ka gaya ma yaronka wannan tun yanzu, faransancin lakwal kaɗai ba ya isa.

A watan Afrilu 1997 ɗaya daga cikin Hercules ɗin nan biyu ya faɗi kusa da Yamai, mutum 14 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ba zan yi dogon bayani a nan ba. Rundunar da kowa ya san kowa, ka ƙiyasta. Abin da zan ce kawai, maigidana ba ya ciki, kuma bayan kwanakin zaman makoki ya sake hawa jirgi. Wannan ma yana cikin aikin, Hajiya tana da gaskiyarta.

Yanzu ga abin da ba a gaya ma yara. Daga kaftin zuwa sama, jirgi nisa yake ƙara yi da mutum. Kafin ya riƙe babban muƙami sai ya sake komawa aji, makarantar manyan hafsoshi, irin ta Kulikoro a Mali ko ta Librebil, can ake koya mishi tsara aiki da rubuta umarni. Ya dawo kumandan, galo huɗu, aka ba shi rukunin jirage da mutanensu. Daga nan laftanar-kanal, galo biyar masu launi biyu, sai makarantar yaƙi, Paris ko Yawunde, wata shekarar kuma ba ya gida. Da ya zama kanal cikakke aka ba shi sansani ya riƙe. Ka san aikinsa? Sa hannu. Man jirgi, kayan gyara da aka yi oda wata takwas ba su zo ba, sojan da ya yi faɗa da matarsa, katangar da ruwa ya rusa, baƙi daga waje da za a tara. Ya taɓa ce mini abin da yake tashi a shekara guda yana kanal bai kai abin da yake tashi a wata guda yana liyetna ba. Da marece in ofis ya watse yakan shigo hangar, ba don ya duba aikinmu ba, ya zauna kan akwatin sufana yana shaƙar warin kananzir, mu yi hira.

Ƙarshen tuƙinsa ma ba harsashi ba ne, hawan jini ne. Matuƙi duk shekara sai likita ya duba shi, zuciya, ido, kunne, jini. Wata shekara likita ya ƙi sa hannu. Shi ke nan. Mutumin da ke ba sansani guda umarni, ƙaramin likita mai galo uku ya sauke shi daga sama da biro. Ya ƙarasa aikinsa a hedkwata, aka ba shi kanal-manjo, wato matakin da ke tsakanin kanal da janar. In kana son ka gane kakin, ka tuna wanda ya karanta sanarwa a Télé Sahel daren 26 ga Yuli 2023, Kanal-manjo Amadou Abdramane, mai shuɗin kaki, to sojan sama ne. Maigidana bai samu tauraro ba ya yi ritaya. Kujerun can sama kaɗan ne, masu jira da yawa. Daga ranar da na fara ganinsa da wando mai yawa zuwa ranar da muka yi mishi walimar sallama, an haura shekara 30.

Maganar shiga: gasa ce, konkur, ma'aikatar tsaro ke ba da sanarwa, a saurari rediyo kuma a riƙa leƙa bariki ana tambaya. Yaran Prytanée, makarantar sakandaren soja ta Yamai, da suka shiga tun daga ƙarshen firamare, sun riga shi sabawa da horo, amma ba su kaɗai ake ɗauka ba. Akwai makarantar hafsoshi a Yamai, akwai ENSOA, makarantar ƙananan hafsoshi, a Agadas. Lissafi da fizik su ne jarinsa.

Kawu kuwa, ba zan yi maka rantsuwa cewa babu ba, a ƙasar nan muke. Kawu na iya sa a ɗaga dosiye daga ƙasan tuli. Amma malamin tuƙi a Marakesh bai san kawun kowa ba, in yaro ya kasa sauke jirgi sau uku tikitin gida ake ba shi. Na ga 'ya'yan manya sun dawo haka, na ga ɗan mai sussukar gero ya wuce.

Kuma kada yaro ya ɗauka in ba tuƙi ba babu komai. Matuƙi guda, mutum nawa ke ƙasa suna riƙe da ransa? Yanzu ma ga jirage marasa matuƙi, Bayraktar na Turkiyya da suka iso a 2022, daga cikin ɗaki ake sarrafa su gaban allo. In kuma sararin sama yake so ba bindiga ba, makarantar EAMAC na nan Yamai, ta ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage a sararin sama, inda ake horar da masu hasumiya da masu duba yanayi. Hajiya ma sai ta fi samun barci.

Ɗan Jibiya:

Gaisuwa ga 'yan'uwa Katsinawan Maraɗi, waɗanda suka tafi da sarauta suka bar mu da gari. Baba ajidan, Allah ya ƙara lafiya, wannan bayani ko a aji sai haka.

Wajenmu ma kusan duk ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. Rundunarmu an kafa ta a 1964. Yaro ya shiga NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, ya fara koyon tashi a nan Kaduna da ƙananan jirage, masu jirgin yaƙi su wuce Kano. In ya fara girma sai kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji, in ya ƙara sai kwalejin tsaro ta Abuja. Aji dai ba ya ƙarewa, kamar yadda ka ce.

Alhaji, tunda shekaru ka tambaya, ga misali da kowa ya sani. Sadiq Baba Abubakar, mutumin Azare ta jihar Bauchi, an haife shi a 1960, ya shiga sojan sama a 1979, jirgi mai saukar ungulu ya tuƙa. Sai a watan Yulin 2015 Buhari ya naɗa shi shugaban rundunar. Ƙirga da yatsunka, shekara 36. Ya riƙe har Janairun 2021, aka tura shi jakada Chadi, ya dawo ya nemi gwamnan Bauchi a 2023 bai samu ba. Wanda Tinubu ya naɗa a 2023 kuma, Hasan Bala Abubakar, ɗan Shanono ne ta jihar Kano. Azare da Shanono ba Legas ba ne, garuruwa ne irin namu masu cin kasuwar hatsi. Amma ka tuna duk kwas ɗin da ya fitar da shugaba guda, abokan karatunsa da yawa ba wanda ya san sunansu sai iyalansu.

Ni shawarata, tunda Turanci ake nema, ga mu nan kusa. In hanyar Dan Isa ta yi lafiya ka turo shi hutu, wata uku a Katsina bakinsa zai buɗe.

Uwar uku, unguwar Zariya:

Baba Alhaji, don Allah wannan Hajiya za ka karanta ma, ba yaron ba.

Ni matar hafsan sojan sama ce, yanzu yana laftanar-kanal. Na dawo Maraɗi kusa da mahaifiyata saboda na gaji da zama ni kaɗai da yara a Yamai. Baba ajidan ya faɗi gaskiya, amma ta hangar ya faɗa, ni ta cikin ɗaki zan faɗa.

'Ya'yanmu uku, suna ɗaya ya halarta. Na fari yana waje wajen karatu, a waya ya ji kukansa, ƙanensa ya yi mishi huɗuba. Ta biyu yana Difa. Akwai wata jaka baƙa da ke zaune bayan ƙofar ɗakinmu, kullum a shirye, da kaki biyu da abin aski da ƙaramin Alƙur'ani. Ni ke wanke kayan in maida, shekara da shekaru. In waya ta yi ƙara da dare ya fita waje ya amsa, ya dawo ya ɗauki jakar, ban tambayar ina, don ba zai faɗa ba, in ma ya faɗa ƙarin tashin hankali ne. Sai dai in ce Allah ya tsare, in rufe ƙofa, in zauna da carbi. Da muna kusa da sansani na koyi rarrabe ƙarar jirage kamar yadda mace ke rarrabe tafiyar mijinta a zaure. In na ji an tashi biyu, sai na ji an sauka biyu nake iya cin abinci.

Sai maganar kuɗi, tunda kunya ta hana Baba Alhaji tambaya. Albashi na zuwa, ba ma kwana da yunwa, alhamdu lillahi. Amma mutanen gida in sun ji kanal sai su ɗauka rumbu ne. Gidanmu na Yamai bai taɓa rabuwa da baƙi ba: mai neman asibiti, mai neman a sa ɗansa soja, mai jiran biza, ɗalibin da aka ce ya zauna sati biyu ya yi shekara uku. Tukunyata ta mutum 15 ce alhali mu biyar ne. In ya ce ba shi da ikon sa kowa aiki, a koma gida a ce ya yi girman kai. Wallahi na san 'yan kasuwar Maraɗi da ba su gama firamare ba da suka fi shi sukuni nesa ba kusa ba. Wanda ke son kuɗi ya zauna wajen tiya.

To amma Hajiya, ga inda zan ba ki mamaki. Ɗiyata ta biyu, wadda aka haifa uban na Difa, ita ma yanzu ta ce jirgi. Hoton Ouma Laouali ta liƙa a bangon ɗakinsu, mace ta farko da ta zama matuƙiya a sojan Nijar a 2015, wadda ta je Amurka ta gama horon Hercules a 2020. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa ta da kakarta. Ubanta da na zaci zai goyi bayana sai ya yi shiru, ya ce ta kawo takardar lissafinta ya gani. Na lura tun da ta sa abin a ranta ba a sake tashinta da safe ba, ita ke tashin kowa. Ban ce na yarda ba har yau. Amma na daina kuka a gabanta, don na ga kukan ba ya rage mata so, nauyi kawai yake ɗora mata. In Hajiya na son mu yi magana mu biyu, ƙofata a buɗe take, sai mu sha fura mu yi kukanmu tare inda yara ba su gani.

Tsohon bakanike, Ali Dan Sofo:

Ɗiyata, kin gyara mini, na karɓa. Mu da ke hangar jakar kawai muke gani tana shigowa, ba mu taɓa tambayar wa ya wanke kayan ba. Tawa matar da na karanta mata naki ta ce in gaya miki ita ma tukunyar mutum 15 gare ta, kuma da albashin ajidan.

Mai hatsi na Sabon Gari:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi kwana biyar ban dawo ba saboda ina bin abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da shawarar mai gyaran wayar nan da bai ga lamba ba. Ranar Litinin na rufe shago da hantsi na kai yaron wajen likitan ido. Aka fiddo littafin ɗigon nan. Yana karantawa, 12, 8, 29, ni ina leƙe ta bayansa, sai na ga ashe ni ne ban ganin rabinsu. Likita ya yi ta dariya, ya ce Alhaji kai dai ka tsaya wajen wake. Idon yaro lafiya lau. Ban sani ba ko murna na yi ko akasinta, don a raina na so littafin ya raba mu gardama ba tare da na zama mugu ba.

Da dare na shimfiɗa tabarma na karanta musu duka, shi da uwarsa. Wajen Afrilu 1997 ta tashi ta shiga ɗaki, na jira ta fito na ci gaba. Wajen jakar bayan ƙofa ba ta tashi ba. Da na gama ta ce a nemo mata gidan matar nan ta Zariya. Shi kuwa abin da ya tsaya mishi shi ne shekara 36 ɗin Ɗan Jibiya, na ga yana lissafi da yatsu, ya ce ke nan sai ya girmi shekaruna na yanzu. Na ce ƙwarai. Ya yi shiru, can ya ce to dattijon Bagalam ma abin da ya faɗa mishi ke nan wajen alwala, ya ce in shadda da tashin mutane ya gani, ya je ya yi kasuwa ya fi sauri. Ashe yaron ya ɓoye mini wannan tun farko.

Mun tsaya a kan haka: zai yi rajista a jami'a kada shekara ta tafi a banza, da marece littafin bashi na nan yana jiransa, in an ba da sanarwar konkur ni zan biya mishi mota zuwa Yamai, sau biyu, ba uku ba. Da asuba ya fara gudu kan hanyar Tibiri. Turanci kuma akwai wani malami ɗan Najeriya da ke sayen wake wurina, mun daidaita, tiya biyu a sati.

Baba ajidan, an ce yanzu injin wuta kake gyarawa. Ina da wani da ya shekara a zaure ba ya tashi. Ranar Asabar bayan la'asar zan ɗora ma yaron shi a kan kabu-kabu ya kawo maka. Ka kwatanta mini shagon daga bakin kwalta, kuma in ya zo kada ka gyara, ka ba shi sufana ya kwance da hannunsa kana kallo.